Gidan da ake isa da hawa ɗaya

Shekara uku na yi a wani ciki da falo can cikin lungunan bayan Rijiyar Zaki a Kano, kuma arahar kuɗin haya ce ta kai ni. Wurin aikina yana kusa da Bata, saboda haka kowace safiya sai na taka da ƙafa zuwa bakin titi, na hau adaidaita sahu zuwa Kabuga, sannan na sake wani zuwa cikin gari. Tun da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a watan Janairun 2013, wanda gidansa ke nesa da kwalta bai da mafita sai tafiyar ƙasa ko ɗaukar shata, ita kuwa shata ba ta mai albashi ba ce.

Ban gane girman asarar ba sai bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Wani dare na zauna da biro da takarda, na tara kuɗin hawa huɗu na kowace rana har shekara guda, sai na ga abin da nake miƙa wa masu adaidaita ya kusa kamo abin da nake ba mai gida. Ana cikin haka kuma dillali ya zo da saƙon ƙarin haya, saura wata ɗaya kuɗina ya ƙare, kuma babu wata takarda a hannuna da zan nuna.

Da na fara neman wani gidan, sai na canza ma'auni. Na taƙaita nemana ga unguwannin da ke jikin manyan hanyoyin da abin hawa ba ya yankewa: Titin Zariya ta wajen Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku, Titin Katsina ta wajen Kurna da Rijiyar Lemo, sai kuma Titin Maiduguri ta Hotoro. Duk gidan da aka nuna mini, ina komawa ni kaɗai da ƙarfe bakwai na safe, in tsaya a bakin titi in ga minti nawa ake ɗauka kafin a samu gurbi, domin da rana tsaka, lokacin da dillalai suka fi son zagayawa da mutum, kowane titi yakan yi kamar babu kowa.

Tsayuwar kuɗin haya ita ce ta fi wuyar ganewa, domin ba a rubuta ta a bango. Dillali ba zai faɗa ba, tunda la'adarsa tana tafiya ne da shigar sabon ɗan haya. A wani gida a Kurna na tarar da wani dattijo yana alwala a tsakar gida, na gaishe shi, na ce, “Baba, shekara nawa kuka yi a nan?” Ya ce tara, kuma a cikinsu sau biyu aka yi ƙari, kowanne da sanarwa tun kafin lokaci. Ya nuna mini rijiyar burtsatsen gidan, ya ce, “Ɗana, duba nan tukuna, kuɗin 'yan garuwa ma haya ne.” Wannan amsa ta fi mini fentin ɗakin da tayil ɗinsa muhimmanci.

Da na zaɓi wannan gidan, na roƙi a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da adadin kuɗin, da cewa ba za a ƙara ba sai bayan shekara biyu, da sanarwar wata uku kafin kowane ƙari, da kuma wanda gyaran rufi da magudanar ruwa ke wuyansa idan damina ta yi ɓarna. Mai gidan ya ɗan yi jim, ganin ba a saba da hakan ba, amma ya amince aka sa hannu a gaban mai unguwa da shaidu biyu.

Kuɗin wannan gida ya ɗara na tsohon, kuma ƙarar manyan motocin Titin Katsina takan kai tsakar dare. Amma yanzu hawa ɗaya nake yi zuwa aiki, ina kuma dawowa in samu sallar magariba a masallacin unguwa.