Godiya ga mutanen da suka fito da ni daga hanyar Kokoda

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi na sauko lafiya, gwiwa dai har yanzu a kumbure take amma likita ya ce ba karaya ba ce, jijiya ce ta goce, hutu kawai take so. Masu ta kira da masu turo saƙo tunda labari ya iso cewa na ji ciwo a daji, ku yi haƙuri ban amsa ba, can babu sabis sai ɗan abin da ba a rasa ba. Allah ya bar zumunci.

Ga wanda bai san wajen ba, Kokoda hanyar ƙafa ce a ƙasar Papua New Guinea, kilomita 96, ta ratsa duwatsun Owen Stanley daga garin Kokoda zuwa Owers' Corner. A nan sojojin Ostareliya da na Japan suka gwabza a 1942 lokacin yaƙin duniya na biyu, Japanawa sun sauka bakin teku wajen Gona da Buna a watan Yuli suna son su keto ta dutse su kama Port Moresby, wanda yanzu shi ne babban birnin ƙasar. Kilomita 96 a baki kamar ba komai, amma wallahi babu fili a hanyar nan, in ba hawa kake ba to gangara kake, ga taɓo ga saiwoyin itace masu santsi ga matsattsaku, ruwa kuma kusan kullum da yamma sai ya sauko.

Godiyata ta farko ga jagoranmu ce. Mutumin nan ɗan ƙabilar Koiari ne, a duwatsun aka haife shi, kuma ba hanya kaɗai yake nunawa ba, duk inda muka tsaya sai ya zaunar da mu ya faɗa mana abin da ya faru a daidai wurin. A Isurava ya kai mu inda wani sojan Ostareliya mai suna Bruce Kingsbury ya fita da bindiga ya tunkari Japanawa ranar 29 ga Agusta 1942 har aka harbe shi, aka ba shi lambar yabo ta jarumta, Victoria Cross, bayan mutuwarsa. A Eora Creek ya nuna mana ramukan da sojoji suka haƙa da tsofaffin harsasai masu tsatsa, ya ja mana kunne kar wanda ya taɓa komai don wasu ba su fashe ba har yau. Abin da ya fi burge ni da shi, in yana bayani ba ya mantawa da Japanawan da yunwa da ciwo suka kashe a dajin nan, kuma ba ya mantawa da mutanen ƙauyukan da aka cinye musu gonaki aka ƙone musu gidaje a yaƙin da ba su suka haɗa shi ba.

A gangaren Brigade Hill zuwa Menari abin ya same ni. Ƙafa ta zame a kan saiwa, na ji gwiwa ta yi ƙara, daga nan ko tsayuwa na kasa. Kafin in gama salati yaran nan 'yan dako sun ajiye kaya, sun shiga daji da adda sun saro sanduna, suka ɗaure da igiya da tamfol suka ɗora ni, suna karɓa-karɓa a gangaren da mai ƙafa biyu lafiyayyu ma da ƙyar yake sauka, wasunsu da silifas wasu ma babu takalmi. In na yi nishi sai su rage sauri, in mun zo rafi su shiga ruwa har ƙugu su ɗaga ni sama, kuma suna waƙar cocinsu a hankali duk tsawon hanya. Ina kwance ina kallon ganye ina hawaye, ba don zafi kaɗai ba. Haka kakanninsu suka ɗauko sojojin Ostareliya masu rauni a 1942 a kan wannan hanyar, har mutanen Ostareliya suke kiransu mala'iku, ko da yake da yawansu ba da son ransu aka ɗebe su aikin ba kuma an daɗe ba a saka musu yadda ya kamata ba.

Mutanen Menari, Allah ya saka muku. Akwai filin jirgi a garin, jagora ya ce in ina so a yi rediyo a fitar da ni, in kuma zan iya daurewa a huta a gani. Matan garin suka dafa ruwan zafi aka gasa min ƙafa, aka ɗaure ta tamau, wani dattijo ya sassaƙa min sanda. Yawancinsu 'yan cocin Adventist ne, Asabar suke hutawa kuma ba sa cin alade, don haka abinci bai taɓa zame min damuwa ba, in lokacin salla ya yi kuma su suke kawo min ruwan alwala su matsa su ba ni wuri.

Da sandar nan da kafaɗar ɗan dakona na ƙarasa. Shi yaron nan bai bar gefena ba, fadamar Nauro, hawan Maguli mai karya zuciya, har Ioribaiwa inda Japanawa suka tsaya a watan Satumba, daga nan suka juya baya, 'yan Ostareliya suka sake kama Kokoda ranar 2 ga Nuwamba. Kogin Goldie ma a bayansa na haye. Abokan tafiyata kuma da suka rage gudu saboda ni babu wanda ya ɓata rai, na gode muku sosai.

Da muka fito mun biya maƙabartar Bomana kusa da Port Moresby, kaburbura sama da 3,000, yawancinsu samari ne. A nan muka yi sallama da yaran, na ba su abin da ya rage min na kina, wato kuɗin ƙasar, da takalmina da fitila, kuma na san bai kai ba. Duk mai niyyar zuwa don Allah ya bi kamfanin da ke da lasisin hukumar hanyar Kokoda, ya tambaya nawa ake biyan 'yan dako, kilo nawa ake ɗora musu, kuma wa ke biyan kuɗin komawarsu gida in an gama. Ni in ƙafa ta warke zan aika musu takalma ta hannun jagora, wanda yake son sa hannu ya min magana ta inbox.