Ƙwayoyin da Suka Rage a Kwalba

Shekara biyu na yi ina taimaka wa likitoci a wani bincike kan magungunan taɓin hankali, kuma yawancin aikina ƙirga ne. Duk wata majinyaci zai dawo da kwalbarsa, in juye ƙwayoyin a faranti in ƙirga saura. Idan an ba shi 30 ya dawo da 19, na san akwai magana.

Wani dattijo mai sikizofireniya, ciwon taɓin hankali da kan sa mutum jin muryoyin da babu su, shi ne ya buɗe mini ido. Muryoyin da yake ji sun lafa, makinsa a ma'aunin PANSS, wanda ake auna tsananin alamun ciwon da shi, ya sauka, a takarda dai ya samu sauƙi. Amma muna hira ƙafafunsa na ta rawa, ya miƙe ya zauna har sau biyar.

"Baba, me ya hana ka shan maganinka kullum?"

"'Yata, gara muryoyin da wannan rashin sukuni. Ko salla ba na iya nutsuwa in yi."

Akatisiya ke nan, wato kasa zama wuri ɗaya, illar magani da aka sani sarai, amma wata uku ina kallonsa ban tambaya ba, saboda hankalina na kan maki. Har yau abin na damuna.

Daga baya na karanta binciken CATIE kan magungunan sikizofireniya da aka wallafa a Amurka a 2005. Cikin majinyata kusan 1,500, kashi 74 cikin 100 sun bar maganin da aka fara ba su kafin wata 18. Cikin magungunan, olanzapine aka fi daɗewa a kai, shi kuma ƙiba yake sawa. A ɓangaren ciwon damuwa, binciken STAR*D ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka warware da maganin farko. Wani nazari na 2008 kuma ya duba gwaje-gwaje 74 na magungunan damuwa, ya gano yawancin waɗanda ba su yi kyau ba ko dai ba a buga su ba, ko an yi musu kwalliya. Tun daga nan, duk rahoton da na ɗauka, adadin majinyatan da suka fice daga gwajin nake fara nema.

Magungunan nan suna aiki, na ga waɗanda suka koma cikin iyalinsu ta dalilinsu. Shi ya sa na kai maganar Baba gaban likita a ranar da muka yi waccan hirar. Aka rage masa yawan maganin, aka haɗa masa da propranolol, maganin da ke rage rashin sukunin. Wata mai zuwa ƙwaya biyu kacal na ƙirga, kuma a zaune muka ƙare hirar.