Tarihin Rayuwata, kashi na 17: Sukuru uku na bindigar Kaka

Makon jiya na tsaya ne a inda aka raba kayan Kaka, bindigar ta faɗo hannuna, to wallahi ba dan ana sona aka bar min ita ba, babu mai so ne kawai. Martini-Henry ce, irin wadda sojan Ingila suka fara riƙewa a 1871, harsashi ɗaya take ci, sai ka ja mariƙin nan na ƙasa wurin sa harsashin ya buɗe. A gefen dama in ka goge tsatsar za ka ga kambi da V.R., alamar Sarauniya Victoria, da Enfield, inda aka ƙera ta. Sukuru uku ne babu: biyu na farantin ƙarfen gindinta, sai ɗan mitsitsin nan da ke kulle alamar gefe mai nuna ko an ɗana ta. Wannan na ukun shi ya raba ni da Yaya kusan shekara biyu ba ma gaisawar kirki.

Baffa ya sha faɗa mana, abin da ya ƙi shiga da yatsa kar ka sa masa ƙarfi. Yaya yana wurin duk lokacin da ake faɗa, amma ina fita ya ɗauko sukurun wata tsohuwar rediyo ya ce ai girmansu ɗaya, ya kama murɗawa har sai da ya ji ta ƙi gaba ta ƙi baya. Da na dawo na ce Yaya me ka yi haka, sai ce min ya yi "kai dai ka cika tsirfa, sukuru ai sukuru ne". Har yau in na tuna maganar nan raina sai ya ɓaci.

Ai ba ɗaya ba ne. Na rediyo awon milimita ne, tiredinsa, wato zanen nan da ke zagaye jikin sukuru, kusurwarsa digiri 60, su kuwa mutanen Ingila na wancan zamanin da inci suke awo, tsarin da injiniyansu Joseph Whitworth ya fitar a 1841 digiri 55 ne, kuma su masu ƙera bindiga a Enfield ma suna da nasu awon na daban da suke yankawa. A ido kamar tagwaye, zagaye biyu na farko har zai yi maka daɗin shiga, daga nan kuma ya fara cinye ramin. Ni kaina sai bayan shekaru na san lissafin nan, lokacin har na yi aure na haifi na fari, bindigar na naɗe a tsumma a bayan kwaba. Baffa bai san digiri ko ɗaya ba, Allah ya jiƙansa, amma da yatsa ya gane abin da ni sai da na karanta.

Da na dawo mata sati guda na yi ina ɗiga kananzir a ramin kafin sukurun Yaya ya yarda ya fito. Na feƙe ɗan icce mai laushi na murɗa shi a hankali cikin ramin, ya fito da zanen tiredin a jikinsa, na saman ya cinye amma na ƙasa guda uku suna nan lafiya. Shi na kai wa mai injin tana ya ƙirga ya yanka min sabo, na farko ya yi sako-sako muka yar, na biyu ya zauna. Tsagar kansa da kaina na yi ta siririya irin ta da, na kuma wasa bakin sukundireba daidai ita dan kar ta kuɓuce ta ƙarje jikin bindigar. Sannan na gasa shi a wuta yana canja kala daga ruwan ƙasa har ya koma shuɗi, na tsoma a mai, saboda farin ƙarfe a jikin bindigar da ta haura shekara 100 ai kamar haƙorin gwal ne a bakin tsoho. Na gindin ba su ba ni wahala ba tunda a katako suke shiga.

Ranar da na gama na kira Yaya, na miƙa masa sukurun na ce bismillah, da yatsa. Ya murɗa ya shige sumul. Bai ce komai ba, sai da zai tafi ya ce wai ai nasa ma da an barshi da ya zauna. Sukurun nasa yana nan cikin gwangwani, na ajiye shi.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin tsagewar da na gano a katakonta, da wanda ya yar da ita tun muna yara.