Yabon da na yi wa wata ɗalibata a gaban aji har yau yana ci na

Ina koyarwa a wata Islamiyya ta Asabar da Lahadi a nan Agege, ajin 'yan mata, 'yan shekara 13 zuwa 17. Kafin na yi aure na ɗan yi aiki a kemis, to shi ya sa da iyaye mata suka fara kawo ƙorafin suna tsintar ƙwayoyi a jakar yaransu sai aka ce Malama ke za ki yi musu magana. Na amsa da saurina, don a ganina na san matsalar ciki da bai: sha ka fashe. Kowa ya san yadda muke, yarinya in ba ta da ƙiba ba ta da hips sai a yi ta mata tsiya, sillan kara, tsinke, wa zai aure ki a haka, har a gidan biki.

Wannan ɓangaren kam ya tafi daidai. Na zo musu da kwalayen da babu komai a ciki, na nuna musu dexamethasone na ce wannan fa magani ne mai ƙarfi na marasa lafiya, ba abinci ba ne, kumburin da yake sa wa a fuska da ciki ba ƙibar lafiya ba ce, yana ta da suga, yana ta da hawan jini, yana cin ƙashi, kuma wadda ta daɗe tana sha ba a yanke shi rana ɗaya, sai likita ya riƙa rage mata a hankali don jiki ya riga ya saba ya rage yin nasa sinadarin. Na yi bayanin cyproheptadine da ke cikin sirop ɗin buɗe ciki, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, shi ya sa mai shansa take wuni tana gyangyaɗi a aji. Sun saurara, har biyu suka same ni daga baya a ɓoye.

Sai a ƙarshe, don in ba su misali mai rai, na nuna wata yarinya da ke zama a layin gaba. Shekararta 15, ga ƙoƙari ga natsuwa, ta fi kowa hadda. Na ce ku dubi wance, ga ta nan siririya abinta tsaf, ba ruwanta da kwaɗayi, kullum cikin azumin nafila, wannan shi ne jiki mai lafiya. Aji ya yi mata kabbara. Ta sunkuyar da kai tana murmushi, ni kuma na tafi gida ina jin na yi aiki.

Bayan kamar sati biyar ta yanke jiki ta faɗi a layin shiga mota a Oshodi, Allah ya sa tana tare da yayarta.

Da na je dubiya mahaifiyarta ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta ce Malama wallahi wata huɗu ke nan yarinyar nan ba ta yi fashin sallah ba, ni tsorona ko wani ne ya lalata min ita, shi ya sa na kasa faɗa wa ko babanta. Baiwar Allah ta yi wata huɗu tana kwana da wannan a ranta ita kaɗai. Ashe ba ciki ba ne, yunwa ce. Jikin mace in ya rasa abinci ya rasa kitsen da yake buƙata sai ya tsayar da al'ada. Sai a lokacin sauran abubuwan suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya: rigar sanyi a ƙarƙashin hijabi a zafin Legas ɗin nan, gashin da uwar ta ce yana zuba in ana mata kitso, yadda in an kawo abincin walima ita ce mai rabawa amma ban taɓa ganin loma a bakinta ba. Azumi kuwa ya tashi daga Litinin da Alhamis ya koma kusan kullum, yau ramuwa gobe nafila, ba sahur, buɗa baki da ruwa da rabin lemo. A ƙarƙashin katifarta aka samu shayin rage tumbi da ta saya a Instagram. Irin wannan shayin da yawansu filasko ne a ciki, gudawa kawai yake sa wa, ruwan jiki ne ke fita ba kitse ba, yana tafiya da gishirin da zuciya ke aiki da shi.

Likita ya kira sunan cutar, anorexia, ya ce ciwo ne da ya haɗa jiki da ƙwaƙwalwa. Ni da na zauna a kemis na san sunan, amma wallahi a kaina na ajiye shi a cutar 'ya'yan Turawa da 'yan Lekki, unguwar masu kuɗi. Ban taɓa kawo wa raina 'yar Agege mai hijabi har ƙasa ba. Alhali tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Yaranmu na Legas tsakanin wuta biyu suke, a gida ana ce musu ki ci ki yi jiki, a boko da TikTok ana nuna musu shafaffen ciki da ƙugu kamar na zanzaro, ni kuma wuta ɗaya kawai na gani.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da ta faɗa min da bakinta bayan ta ɗan samu sauƙi. Ta ce Malama lokacin na fara tsorata, ina jin jiri in na miƙe, har na yi niyyar faɗa wa Mama, sai kika ce ni ce mai lafiya, sai na ce ashe daidai nake. Ba da zargi ta faɗa ba, ta faɗa ne kawai. Na rasa inda zan sa kaina. Yarinya ta kai bakin ƙofa za ta nemi taimako, ni na maida ta ciki, kuma da yabon ibada, abin da ba wanda zai yi musu da shi.

Ba a gida aka yi ta ɗura mata tuwo ba, likita ya hana, ya ce wanda ya daɗe cikin yunwa in aka cika masa ciki lokaci ɗaya yana iya taɓa zuciya, sai da awon jini da ƙari kaɗan kaɗan. Aka tura su ganin likitan ƙwaƙwalwa a Yaba, nan ma sai da aka sha fama da babanta don shi da ya ji Yaba sai ya ce 'yarsa ba mahaukaciya ba ce. Wani malami da yake girmamawa ne ya zaunar da shi, shi ne kuma ya gaya wa yarinyar cewa a halin da take ciki azumin nafila ba nata ba ne, jikinta yana da haƙƙi a kanta.

Na sake yin darasin bayan wata uku, amma ban nuna kowa ba, kuma ba zan ƙara ba. Duk wadda za ta yi wa 'yan mata irin wannan magana, don Allah kar ki ɗaga jikin kowa ki ce ga mai kyau, ko siriri ko mai kauri, ba ki san me ake yi a ɓoye kafin a samu wannan jikin ba. Na gaya musu ƙarin nama a ƙugu da cinya lokacin balaga halitta ce, ba laifin buredi da wake ba ne. Na faɗi na masu ci su je banɗaki su amayar, yadda ruwan ciki ke cinye haƙori. Na raba takardu na ce kowa ta rubuta tambaya ba suna. Guda 31 na karɓa, a cikinsu har da mai tambayar ko in ta sa yatsa ta yi amai bayan ta sha ruwa azuminta na gobe yana nan. Har yau ban san wace ce ba, na dai amsa a gaban kowa na kuma rubuta lambata a allo.

Ita kuwa ɗalibar da na yaba ta dawo aji, ta koma layin baya. Ranar Lahadin da ta wuce na hango ta tana cin awara da ƙawarta lokacin tara, yanka biyu ko uku. Bakina ya buɗe zan ce masha Allah, sai na kama kaina na wuce ofis.