Haruffan da Ake Taɓawa: Yadda Muke Yin Su da Yadda Ake Koyar da Yaro da Su a Gida

Sana'armu ita ce haɗa kayan koyon haruffa don yara 'yan shekara uku zuwa biyar, waɗanda iyayensu ke fara koya musu karatun boko a gida. Abu uku ne ginshiƙin aikin: allunan haruffa na samfefa, tiren yashi da ƙullun fulawa. Na farkon ne kawai ke buƙatar zarto da kafinta. Sauran biyun kowace uwa za ta iya haɗa su a tsakar gidanta.

Haruffan roba da ake shigo da su kasuwa guda 26 ne, na Turanci. Akwai p, q, v da x a ciki, waɗanda Hausa ba ta aiki da su, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Yaron da aka fara masa da irinsu ba shi da abin da zai bambance baki da baƙi, ko kaya da ƙaya. Ga kuma c, wanda waƙar haruffan Turanci ke kira "si", alhali a Hausa shi ne farkon cokali da ciyawa. Saitinmu allo 28 ne: wasula biyar, a, e, i, o, u, sai baƙaƙe 23, har da sh da ts da 'y, kowannensu a allo guda domin sauti guda yake bayarwa. Idan masu saye daga Nijar suke, muna yanka musu ƴ mai lanƙwasa a madadin 'y, tunda haka ake rubuta shi a can.

Asalin dabarar daga Italiya take. Likita Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a birnin Rum a 1907, ita ta yaɗa amfani da harafi mai kaushi a kan allo mai santsi. Hikimar ita ce hannun ɗan shekara uku bai ƙware da riƙon fensir ba tukuna, amma yatsarsa tana iya bin hanya. Idan ta sauka daga kan kaushi zuwa santsi, da kansa zai ji ya kauce, ba sai an ce masa ya yi kuskure ba.

Ga yadda ake yin allon. Filawud mai kaurin milimita 4 zuwa 6 muke saya, a yanka shi santimita 12 a faɗi, 15 a tsawo. Haruffa masu faɗi, wato m, w, sh da ts, ana ba su santimita 18. Falle ɗaya mai ƙafa huɗu da takwas yana fitar da saiti huɗu har a samu ragowa. A goge gefuna da kusurwoyi sosai har sai an shafa da bayan hannu ba a ji sartse ba, domin yaro zai sa allon nan a baki ko ba jima ko ba daɗe. Saboda wannan dalilin ne ba ma kusantar fentin mai: wasu nau'o'insa na ɗauke da dalma, ita kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Fentin ruwa muke shafawa sau biyu, shuɗi ga wasula, ja ga baƙaƙe. Bambancin launin yana da amfani daga baya, lokacin da yaro zai fara lura cewa kowace gaɓa tana son aƙalla shuɗi guda.

Samfefa mai lamba 150 zuwa 220 ta fi dacewa. Mai lamba 60 ko 80, wadda kafintoci ke cin katako da ita, tana kankare fatar yatsa, yaro ya taɓa sau biyu ya ƙi komawa. Tsayin harafi kamar b ko k santimita 10, gajeru irin a da o santimita 6, kaurin layin kuwa santimita ɗaya da rabi, daidai yatsu biyu na yaro. Ƙananan haruffa muke fara yi, domin su ne suka cika kowane shafi na littafi. Manyan sai daga baya.

Wurin yanka ne sababbin hannu suka fi yin asara. Ba a iya zane a fuskar samfefa mai yashi, dole a bayanta za a zana, kuma duk abin da aka zana a baya yana fitowa a juye. Wanda ya manta bai kifa samfurin harafin na kwali ba kafin ya zana, zai yanka b ya juyo ya tarar da d. A nan sauƙin abin shi ne an samu d kyauta. Amma ƙ ko s ko c da aka yanka a juye ba su da wani amfani, sai shara. Don haka muke rubuta "baya" a bayan kowane samfurin kwali, kuma wannan rubutun shi ne zai kalli mai zane. A ware wa aikin tsohon almakashi, gama samfefa tana dakusar da kaifi cikin kwana ɗaya. Lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ kuma a fitar da ita sosai, ta kai aƙalla santimita biyu. Idan aka yi ta ƙarama don ta yi kyan gani, yatsa ba za ta ji ta ba, kuma ita ce dalilin yin allon tun farko.

Farin gam na katako muke liƙawa da shi, a shafa siriri har bakin harafin, a ɗora takarda a kai, a danne da abu mai nauyi kwana guda. Gam mai ƙarfin wari na masu gyaran takalmi bai dace da kayan yara ba. Kokon sitaci ko na fulawa yana kamawa, sai dai kyankyasai na binsa su cinye harafin daga ƙasa. Wanda ba shi da halin filawud zai iya amfani da kwali mai kauri, amma ya sani da damina ta shigo kwali zai sha danshi ya lanƙwashe. Manna biyu baya da baya yana rage wannan. A ƙarshe muna ɗiga farin fenti a inda yatsa za ta fara, mu kuma ja siririn layi a ƙasan allon don yaro ya san ina ne ƙasa. In babu layin nan, u da n abu ɗaya ne a wurinsa.

Yadda ake amfani da allunan ya fi yin su muhimmanci. Sauti ake faɗa wa yaro, ba sunan harafi ba: "mmm", ba "em" ba. Uwa ta zaunar da shi a gefenta, kada ya fuskance ta, don kada ya riƙa ganin harafin a kife. Ta ɗauki alluna uku da ba su yi kama ba, misali a, m da k. Ta bi na farko da manuniya da yatsar tsakiya tana cewa, "Wannan mmm ne," ta miƙa masa ya bi. Bayan an zagaya ukun sai mataki na biyu, wanda shi ya kamata ya ci mafi yawan lokaci: "Nuna mini mmm. Kai wa Baba aaa. Ɗora kkk a kan tabarma." Sai can a ƙarshe ta nuna ɗaya ta ce, "Wannan fa?" In ya kasa, kada ta ce masa a'a, ta sake faɗa masa kawai su koma mataki na biyu. Minti biyar zuwa goma ya isa, a tashi tun yana marmari.

Ba ma ba da shawarar a bi jerin a, b, c. Da a, m, k, n da u kaɗai yaro zai haɗa mama, kaka, nama, uku da kunu, ya ga cewa haruffan nan magana suke yi. Su kuwa b, d, ɓ da ɗ, sanda ce da tumbi a dukkansu, bambancin kawai ɓangaren da tumbin yake da 'yar lanƙwasar sama. A raba su da makonni. A fara da b, sai ta zauna daram kafin a kawo d, sannan a haɗa kowace da 'yar'uwarta mai lanƙwasa ta hanyar kunne: bata da ɓata, daka da ɗaki. Wasulan e da o kuma kalmomin Hausa da ke farawa da su kaɗan ne, gara a nuna su a cikin lemo da goro.

Yaron da ke zuwa makarantar allo yana koyon babbaƙu daga dama zuwa hagu, saboda haka ba abin mamaki ba ne ya jera m-a-m-a daga dama, ko ya rubuta harafi a juye. Wannan ba ciwo ba ne, kuma ba dalilin dakatar da ɗayan karatun ba ne. A ajiye dutse ko murfi a gefen hagu na tabarmar, a ce masa boko daga nan yake tashi. Bahago kuma a bar shi da hannunsa, a dai riƙe masa allon ta gefen dama don kada hannun babba ya tare masa gani.

Tiren yashi shi ne matakin da ke tsakanin allo da takarda. A samo yashi mai laushi, a tankaɗe da rariya, a wanke, a shanya a rana har ya bushe ƙarau, domin yashin waje kuliyoyi da kaji na bi ta kansa. A zuba a faranti mai duhun ciki, kaurin rabin santimita kawai. In ya fi haka, yashin na rufe layin da yatsa ta ja, harafin bai fito ba. Yaro ya bi allon samfefa sau uku, ya rubuta a yashi, ya girgiza farantin ya goge. Wasu na zuba garin masara ko gero; yana aiki, amma tururuwa za ta same shi kafin gari ya waye.

Ƙullun fulawa kuma ga ma'auninsa: gwangwanin madara biyu na fulawa, ɗaya na gishiri mai laushi, cokali biyu na man gyaɗa, da ruwan ɗumi kusan gwangwani ɗaya, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana murzawa har ya daina kama hannu. Ruwan zoborodo yana ba shi launi ba tare da an sayi kala ba. Yaro ya murza shi kamar igiya ya lanƙwasa harafi a kan wanda aka zana masa a kwali. Da hunturu yana bushewa ya tsattsage cikin awa guda in an bar shi a buɗe, sai a ƙulle shi a leda; da damina gishirin na jan danshi ya yi laɓe-laɓe, sai a ƙara fulawa. Gishirin ne ke hana shi saurin lalacewa, amma yawansa na da haɗari in yaro ya ci da yawa, don haka ba a barin ɗan ƙasa da shekara uku da shi shi kaɗai.

Iyaye kan tambaye mu ko za a iya jera wake, tsakuwa ko marufan kwalba a kan zanen harafi. Ana yi, yara ma na son sa, amma sai ga wanda ya haura shekara uku kuma da babba a zaune. Ma'aunin da masu kayan wasan yara ke bi shi ne duk abin da zai shige bututu mai faɗin santimita uku da ɗan ɗoriya zai iya maƙale wa ƙaramin yaro a maƙogwaro, wake kuwa hanci da kunne yake shiga. In akwai mai rarrafe a gidan, a yi amfani da marufan robar man shafawa masu faɗi, a kuma ƙirga su kafin a fara da bayan an gama.