Karatun tsofaffin waƙoƙin Ingila: abin da na koya

Duk mai son karanta waƙoƙin Ingila na zamanin da a ainihin harshensu, abu na farko da zan ce masa shi ne ya buɗe baki ya karanta da ƙarfi, kar ya tsaya kallon takarda kawai. A lokacin babu tsayayyiyar ƙa'idar rubutu, kowane magatakarda yadda yake furta kalma haka yake rubuta ta, shi ya sa kalma ɗaya za ka gan ta da kama iri iri, amma da ka furta sai kunnenka ya gane ta.

Kuma wallahi Bahaushe na da sa'a a nan. Chaucer, shahararren marubucin waƙoƙin Ingila, ya rasu a 1400, kafin dogayen wasulan Turanci su sauya zuwa yadda ake faɗinsu yau, to wasulansa sun fi kusa da yadda muke karanta boko, har da dogo da gajere. Sannan e ɗin ƙarshen kalma sau da yawa ana furta ta, in ka haɗiye ta nan take karin waƙar zai karye, kamar mai rera waƙar Hausa ya ci gaɓa guda, ai kowa zai ji.

Amma fa Beowulf, tsohuwar doguwar waƙar jarumta, wani abu ne daban, gaskiya wani harshe ne ma, na kafin Normandawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila a 1066 kalmomin Faransanci su cika Turanci. Nan kam kunne kaɗai bai isa ba, dole ka zauna da nahawu, suna yana sauya ƙarshensa gwargwadon aikinsa a jimla, jinsi uku ne, ga haruffa irin þ da ð da yanzu babu su a Turanci. Amsa-amon ma ba a ƙarshen layi yake ba, layin a tsage yake gida biyu, sautin farkon kalmomi ne ke ɗaure su. Layi 3182, kwafi ɗaya tak ya rage, shi ma wata gobara a 1731 ta lashi gefensa, abin na taɓa ni duk sanda na tuna.

Ni dai shawarata a fara da Chaucer, karin harshen Landan ne. Waƙar Gawain zamaninsu ɗaya amma da karin arewa maso yamma aka yi ta, ta fi wuya nesa ba kusa ba, a bar ta sai ƙafa ta tsaya.