Shayin da na sha a Bursa

Da sassafe muka hau jirgin ruwa daga Istanbul, kusan awa biyu a kan tekun Marmara kafin mu sauka Mudanya, daga nan muka shiga bas zuwa cikin Bursa, ga sanyin Disamba yana ratsa mutum har ƙashi. Sarin mayafan siliki ya kai ni, don haka kai tsaye Koza Han na nufa, kasuwar da aka gina tun 1491 kuma har yau siliki ake sayarwa a samanta.

Bayan na yi azahar a Ulu Jami, masallacin nan mai ƙubba 20, sai dattijon da nake ciniki da shi ya ce Abla, wato Yaya da Turkanci, ba a gama magana sai da shayi. Muka sauko tsakar gidan Koza Han, akwai wani ɗan masallaci a tsakiya an ɗora shi a kan wurin alwala, tebura sun zagaye shi ko'ina. Aka kawo shayi a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, ja wur, ba madara, sai sukari ƙwaya biyu a gefe. Na kai hannu zan jefa ya ce a'a dakata, ya buɗe wani kwali.

Kestane suke ce wa abin da ke ciki, ɗan wani itace ne. Tun a Istanbul nake ganin masu gasa shi a bakin titi, a ido kamar goro, a baki kuma kamar gasasshen dankalin Hausa. Amma na Bursa daban ne, ɓare shi ake yi a dafa cikin ruwan sukari har ya yi laushi, sannan a lulluɓe shi da cakulan. Ya nuna min yadda ake yi, ki gutsura kaɗan ki bar shi a kan harshe sai ki kurɓi shayin da zafinsa. Wayyo Allah, cakulan ɗin ya narke nan take, kestanen ya dagargaje kamar alkaki, ɗacin shayin kuma ya yanke zaƙin daidai inda zai fara ginsar mutum, ƙamshin ya daɗe a maƙogwaro na. Ni da na taso da shayi mai kauri, ranar na fara shan baƙi ba sukari, kofi uku na sha wallahi.

Kwali huɗu na saya kafin jirgin yamma, ɗaya na Hajiyarmu ne, na kira ta tun daga tasha na ce ta ajiye min ganyen shayi kada ta sa madara.